Akwatin da Ke Kan Rufin Baba Elisha

Rabin mutanen unguwar Romi a Kaduna sun fi sanin tafin ƙafar Friday Bulus a kan fuskarsa, domin kullum yana saman rufin wani. Da eriyar talabijin ya fara tun yana saurayi, ya koma ɗaura dish lokacin da gari ya haukace da ƙwallon Turai. Yanzu da furfura ta fara leƙo masa a gemu, intanet yake rabawa gida-gida. Ba ya jan waya. Wasu fararen akwatuna yake kafawa a kan sanda, wannan ya karɓi sabis ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, kamar leburori ranar zuba dakin a ginin bene suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu.

Daga Zonkwa ya zo Kaduna da jakar leda ɗaya, ya sauka gidan Baba Elisha, ɗan garinsu da ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta. Shekaru ya yi yana cin tuwon matar gidan, Mama Lydia, kuma ranar aurensa Baba Elisha ne ya zauna a kujerar uba. Don haka da Friday ya samo layin intanet daga Makera, bai tsaya shawara da kowa ba. Sabon abu ba ya shiga unguwa ya tsallake babba. Akwatin farko a rufin Baba ya hau, duk sauran kuma daga shi suke sha.

To, gidan Baba a kwari yake, dab da rafi, rufinsa ko akuya mai zuciya za ta iya hawa. Duk wanda ya san aikin zai ce wurin bai dace ba, Friday ma ya sani. Amma gidaje kaɗan ne a lokacin, abin yana tafiya, sai ya kau da kai.

Baba Elisha kuwa ya rungumi akwatin nan kamar an naɗa shi sarauta. Shi ko intanet ɗin ba ya taɓawa, wayarsa mai tocila ce. Mama Lydia ta rasu, 'ya'ya sun watse Legas da Abuja, gidan ya yi masa faɗi. Sai ga aiki ya samu. In an ɗauke wuta, shi ne mai juya akwatin zuwa batir. In ya yi jinkiri, unguwa gaba ɗaya ta mutu, nan da nan ka ji ana buga ƙofa: "Baba, sabis ya tafi!" Wanda ya zo ƙorafi kuma ba ya tafiya haka nan, sai ya gaisa, ya zauna gindin gwaiba, ya sha labarin masaƙa ko yana so ko ba ya so. Da yamma ɗalibai da 'yan kasuwa kan cika bencinsa, don a nan sabis ya fi ƙarfi.

Friday ba ya iya cewa a'a. Ɗan cocinsu ya roƙa, ya ƙara akwati. Surukar wani ta roƙa, ya ƙara. Layi ya yi ta tsawo har ya haura tudu. Ga shi kowane akwati da baki ɗaya yake karɓa yake bayarwa, duk miƙawa ɗaya sai ƙarfin ya ragu, kuma kayan kowa dole ya bi ta rufin Baba. Na ƙarshen layi sai ya ɗora ruwan shayi ya sauke kafin hoto ɗaya ya buɗe.

Hephzibah ce ta fasa ƙwan. Nas ce, tana karatun ƙarin girma ta intanet, gidanta can saman tudu. Ta tare shi a bakin coci bayan sujada.

"Oga Friday, abeg, ka gaya mini gaskiya. Malami yana magana sai ya daskare, baki buɗe. In ba za ta gyaru ba, in nemi wani wuri."

Ya san maganin tun tuni. A sa farantin dish biyu masu kallon juna, ɗaya a Makera, ɗaya a kan tankin ruwan makarantar da ke bisa tudu, su zama babban layi, ba ruwansu da wayar kowa, aikinsu ɗaukar kaya kawai. Daga tankin sai a raba rassa gajeru zuwa kowane ɓangare. Aikin bai fi ƙarfinsa ba. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne tsayawa gaban mutumin da ya riƙe shi ya ce masa an daina bi ta gidansa.

Ya je gidan Baba da niyyar faɗa masa. Ya tarar da tsohon yana goge batir da tsumma, yana gaya wa wata mai sayar da doya cewa in ba don shi ba da Romi tana cikin duhu. Friday ya gaishe shi, ya tambayi ciwon gwiwa, ya sha ruwa, ya tashi. Tausayi ne ya kama shi, da kunya, da kuma tsoro, in za a faɗi gaskiya.

Sai ya yi dabara irin ta mai gudun magana. Ya hau tanki ya yi aikinsa, ya juya unguwa duka zuwa sabon layi, ya bar akwatin Baba a inda yake, fitilunsa na ƙiftawa, yana karɓar sabis ba ya miƙa wa kowa. Intanet ta tashi da gudu. Hephzibah ta aiko masa da kular shinkafa. Kowa ya zauna ɗakinsa yana latsa waya hankali kwance, Friday ya yi ta shan yabo, ya kuma riƙa zagaye layin gidan Baba in zai wuce.

Wata Asabar da rana Baba ya kira shi a waya, ya ce ya zo. Ya same shi a gindin gwaiba shi kaɗai, sanye da rigar da yake zuwa coci da ita.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Zauna, Friday." Ya nuna masa benci. "Jiya na kashe abin nan da hannuna, tun da safe. Ba wuta aka ɗauke ba, ni na zare shi. Na fito da kujera na zauna nan har rana ta faɗi."

Friday ya sunkuyar da kai.

"Ba wanda ya buga ƙofa. Yau ma ban kunna ba."

"Baba, gidan ne yana kwari, kuma mutane sun yi yawa, shi ya sa…"

"Intanet ta yi sauri yanzu?"

"Ta yi, Baba."

"Yarinyar nan nas, tana samun karatunta?"

"Tana samu."

"To madalla, aiki ya yi kyau." Tsohon ya murza gwiwarsa. "Da aka rufe masaƙa, manaja da kansa ya tara mu ya gaya mana a fuska. Mun zage shi, amma ya faɗa. Kai kuwa ɗana ne, ka bar ni ina goge batir."

Friday ya ɗaga kai ya dubi akwatin da ke kan rufi.

"Je ka ɗauko tsani a bayan kicin," in ji Baba Elisha. "Ka sauke akwatin ka kai wa mai bukata."

Ya ɗauko ya jingina da bango. Da ya sa ƙafa a matakin farko, sai ya ji tsanin ya tsaya daram. Ya waiga, ya ga tsohon ya taso ya riƙe masa da hannu biyu.