Ranar da mahaifiyata ta kama sunana

Shekarun baya, lokacin da tamin, wato inshorar lafiya ta gwamnati, bai daɗe da shigowa Gadarif ba, ina aikin awo a kasuwar hatsi. Da yake ma'aikacin hukuma ne ni, aka ba ni kati, na sa mahaifiyata a ciki. Zan bi labarin daki-daki, ba na son a fara abu daga tsakiya.

Cutar yana ta rufe wa mahaifiyata ido har ba ta iya tsince riɗi. Sai aka ce wani likitan ido zai zo daga Khartoum, ya yi aiki 'yan kwanaki ya koma. Abokina, direban tarakta a Simsim, yana da katin wani kamfani mai zaman kansa. Ya ce, "Ya zol, mutumina, me ya kai ka layin gwamnati? Karɓi katin tsohuwata. A asibitin kuɗi ba sa duba fuska. Ciwo ɗaya za ka kai musu, su rubuta wa kamfani uku, kowa ya huta." Na ɗaure fuska na yi masa doguwar huɗuba a kan haram. Na tafi ina jin kaina kamar alƙali.

Ranar ƙarshe ta aikin likitan muka samu layi. Ashe a ɓangaren gwamnati ma aron kati ya yi yawa, kati ɗaya sai ya zaga unguwa, tsofaffi suna amsa sunan juna. Shi ya sa aka ajiye wani ma'aikaci a ƙofa yana yi wa kowa tambaya. Baƙo ne a garin, bai san Hausawa ba.

Ya dubi katin, ya ce da Larabci, "Ya Hajja, wa ya sa ki a nan? Faɗi sunansa."

Sai ta ja mayafi.

Ni ne ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da na yi wayo "kai" nake, in ba na wurin kuma "wancan".

Ya nuna ni. "To, wannan ɗanki ne?"

Ta kawar da kai ta ce, "Yana dai shigowa gidan."

Hausawan da ke layi suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na soma yi masa bayanin al'ada daga tushe, ya ɗaga min hannu. "Kowa da labarinsa. Jiya ma wani ya kawo min kakar maƙwabcinsa." Ya jefa katin a aljihu, ya ce zai kai ƙarata wurin aikina, ya kira na gaba. Sannan ya ƙara da cewa, "Irinku ɓarayi ne ke kashe tamin."

Ban taɓa ganin mahaifiyata ta miƙe da sauri haka ba. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Wa kake kira ɓarawo? A gonar riɗi na haife shi, ana tsakiyar yanka! Ɗaga wandonsa ka ga tabon lauje a ƙaurinsa na hagu, ni na ɗaure shi da gefen zanena!" Sai ta faɗi sunana, da na mahaifina, da na kakana, da ƙarfi, har likita ya leƙo.

Wata tsohuwa a bayanmu ta yi guɗa, ta dubi ma'aikacin. "Yau ka sa Hajja ta fasa kunya, ɗan nan!"

Ni kuwa, mai huɗuba, ga ni a tsaye a gaban jama'a da wando a naɗe. Ma'aikacin ya ga tabon, ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Ya miƙo katin da hannu biyu, ya ce, "Ki yafe min, ya Hajja. Shiga."

Aka yi aiki lafiya. Da aka cire auduga ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wurin ƙanwata ta ce, "Ashe wancan ya yi furfura." Shi ke nan, na koma wancan.

Abokina ya yi wata yana tsokanata: "Alƙali, ina wandon?" Na bar shi. Har yanzu ra'ayina bai canja ba: aron kati cuta ce, rubuta ciwon da babu shi cuta ce, kuma mai gaskiya ake tsarewa a ƙofa saboda su. Amma ba na jin haushin ma'aikacin nan, addu'a ma nake yi masa. Da na karɓi katin tsohuwar abokina, ko da an yi tambaya, sunan ɗan wata za a tambaye ta, kuma da ta faɗa ba tare da ta ja mayafi ba. Nawa kuwa sau ɗaya na ji shi a bakinta, kuma ya ishe ni.