Baba Kabon-Nawa da Ɗakin Kundaye

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Aji ɗaya muka yi a firamare, shekara ɗaya muka bari, ni na kama keken ɗinki, shi ya kama tsintsiya a ɗakin karatun jami'a. Mutumin da ko lissafin sau bakwai sai na raɗa masa, shi ne aka wayi gari masu tabarau suna tsayar da mota a ƙofarsa suna rusunawa, "Baba, ina wuni?" Ni da nake zaune a shagona a gefe, in sun kalle ni, to tambaya za su yi ko yana ciki.

Abin da ya ɗaga shi wani ɗaki ne a ƙuryar bene na biyu, inda aka jera kundayen masu ilimin sinadarai. Sau ɗaya ya kai ni. Littattafai ne masu kauri kamar bulo, sun fi ɗari biyu, duk launi ɗaya, babu hoto ko na kaza, ga su da Jamusanci. Shekara goma sha biyu yana goge su, yana leƙen yadda wani tsohon malami yake buɗa su. Da malamin ya rasu aka duba aka ga babu wanda ya san hanyar cikinsu sai mai shara. Aka karɓe tsintsiya, aka miƙa masa makulli.

Ya sha yi mini bayanin aikin, ina taka keke kamar ba na ji. Wai duk sinadarin da aka taɓa haɗawa ko aka tatso daga tsiro an rubuta shi a ciki, tare da mujallar da ta fara kawo labarinsa. Ɗalibi zai zo da suna mai tsawon kamu uku, shi ko ba ruwansa da suna. "Kabon nawa? Haidurojin nawa? Oksijin fa?" Ya rubuta a 'yar takarda, ya buɗe kundin jerin lambobi, ya samo gidan abin, sannan ya bi shi daga kundin asali zuwa na ƙari, zuwa ƙarin ƙari, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. A nan ɗalibai suka samo masa sunan Baba Kabon-Nawa.

"To kai kana jin Jamusancin ne?" na tambaye shi.

"Kai kana jin yaren da ke jikin kekenka?"

"Ni ai ba a ce mini Baba."

"Sai haƙuri, Tela."

Haƙurin ban yi ba, amma Allah ya duba ni. Aka kawo kwamfutoci, aka ɗauko wata mai digiri biyu ta zauna a kansu a ƙasa. Abin da maƙwabcina yake kwana biyu yana nema, sai ta latsa ta fito da shi kafin shayi ya huce. Ɗalibai suka daina hawa bene. Shugaban ɗakin karatu ya ce ƙarshen zango za a kwashe kundayen a kai sito, shi kuma a mayar da shi bakin ƙofa yana duba jakunkuna. Saura shekara biyu ya yi ritaya.

Ranar na san ashe shi ma yana da irin ciwona. Ya zauna a bencin shagona yana huci. "Ko hannu ba ta wankewa kafin ta fara aiki! Ita ma yanzu Anti suke ce mata, har da kawo mata lemo."

"Kada ka damu, Farfesa. Ina da tsintsiya sabuwa, in ka tashi komawa sana'ar asali."

Bai yi dariya ba. Ni na yi ta mutum biyu.

Ana cikin haka aka manna sanarwa a allo. Wata malama da ke neman digirin dakta ta yi shekara uku tana dafa ɓawon wani itace, ta samo wani farin gari. An tambayi kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, sashe ya ɗauki murna, an gano sabon abu, ranar Laraba za ta yi bayani. Maƙwabcina ya tsaya gaban allon ya kwafe kabon da haidurojin ɗin. Kwana uku ko abincin rana bai sauko ci ba. Rana ta huɗu ya shigo shagona. Ya samo farin garin nan a kundin ƙari na biyu: wani ya riga ya tatso shi shekara casa'in da suka wuce, har zafin da yake narkewa iri ɗaya.

Matarsa ta leƙo ta kan katanga. "Malam, ka je ka sami malamar ita kaɗai ka faɗa mata. 'Yar mutane ce."

Ni kuwa na ce, "Ita kaɗai? Sai a ce kwamfuta ce ta gano. Ka shiga taron, kowa ya gani." Gaskiya ita ce na tabbata kuskure ya yi. Ina mai shara ina gyara wa dakta? So nake a yi masa dariya ina wurin.

Laraba na rufe shago na bi shi, na zauna can baya. Malamar ta gama bayani, ana tafi, sai ga shi ya taso rungume da kundin kamar jariri, ya dire shi a gaban babban farfesa, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Ranka ya daɗe, a duba nan."

Farfesa ya gyara tabarau. Ya karanta, ya dubi allo, ya sake karantawa. Ya juya wajen mai kwamfuta, ta ce a hankali, mujallun da na'urarsu take gani ba su wuce na shekara hamsin ba. Malamar ta tattara takardunta, ɗaya ta faɗi ba ta ko tsaya ɗauka ba. Maƙwabcina ya waiga yana neman idon mai kwamfuta. Ni na sulale na fita da baƙin cikina.

Kundaye ba su je sito ba, makulli yana aljihunsa har yau. Farfesa ma ya sa doka cewa duk mai sabon abu ya hau bene a duba masa. Sai dai an ƙara wa malamar shekara guda, in ta hango shi sauya hanya take yi. Ɗalibai kuma sun gane cewa wanda ya shiga ɗakin nan da sabo, da tsoho yake fitowa, don haka sai sun ga ya tafi masallaci suke hawa, su ƙwanƙwasa, su koma su ce ba su same shi ba. Yini yake yi shi kaɗai da bulullukansa.

Jiya ya zauna a bencina ya dube ni.

"Tela, kai ka zuga ni."

"Ni cewa na yi ka je. Ban ce ka yi nasara ba."