Dardumar Kawu Isuhu

Duk wanda ya san Kawu Isuhu, ƙanen mahaifiyata mai tuƙa tasi a garin Takoma Park na Amurka, ya san ba ya fara gaisuwa sai ya durƙusa ya ɗaga gefen dardumar gidanka. Baƙo ya zaci ladabi ne, ashe saƙa yake dubawa. "Aikin inji," zai ce, ya karkaɗe hannu. "To, ina kwananku?"

Tasa kuwa tsohuwa ce tukuf, saƙar hannun matan wani ƙauye na Farisa, a gwanjon kayan wata marigayiya ya samo ta. Ja da shuɗi, duk ta karkace, wani tsuntsu a cikinta ƙafarsa uku. Matarsa Inna Hajo tun ranar farko ta ɗaura yaƙi da ita.

"Kowa na zuwa Amurka ya sayi sabo, kai ka kwaso muna tsumman gawa!"

"Hajo, diba nan inda jan ya sake. Zaren masaƙiyar ne ya ƙare, ta rina wani. Mutum ya yi wanga aiki."

"Mutumin da bai san ƙahwahun kaza biyu ne ba!"

Injin shara bai isa ya hau ta ba, sai tsintsiyar Maraɗi. Wankinta kuma sai dusar ƙanƙara ta sauka: ya kifa ta a tsakar gida, yana jibga da sanda, haƙoransa na kaɗawa. Wata maƙwabciya Baturiya ta hango, tausayi ya kama ta, washegari sai ga ta da sabon kafet fil. Inna har da guɗa! Kawu ya yi godiya kamar zai ari baki, da yamma ya shimfiɗa kyautar a but ɗin tasi.

Ranar ce Inna ta rantse: "Randa ka mutu, kahin a dawo daga maƙabarta dardumar ga ta kai bola."

"Shi ya sa ba ni gaggawa," in ji Kawu.

Ya rasu a bazara. Bayan sadakar bakwai na je zan rage wa Inna aiki, na fara nannaɗe dardumar. Inna ta taka gefenta da ƙafa.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, ai ke kika rantse..."

"Da shi nika hwaɗana, ba da kai ba. Aje ta."

Na ajiye, kuka ya ƙwace mini. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Inna haƙurin zama da shirun gidan nan.