Takun da Na Ƙirga wa Baba

A shekarata ta biyu a Madina na fara zuwa gidan tsohon. Wata Juma'a ce na je duba ɗan ajinmu da ba shi da lafiya, can kudu da Ƙuba, na tsaya la'asar a masallacin unguwarsu. Ina fitowa na ji wani a bakin ƙofa yana faɗa da Hausa, wai wa ya kawar masa da takalmi daga inda ya ajiye. Na ɗauko na sa masa a gaban ƙafa. Ya ce, "Wane ne?" Na ce ɗalibi ne daga Zariya. Ya ce to ai ɗalibi ya iya karatu, shi kuwa idonsa ya daɗe da tafiya, jikokinsa kuma in ya miƙa musu littafi sai su kunna masa waya su fice. Haka na zama mai yi masa karatu duk Asabar, ranar da ba mu da darasi a jami'a.

A Madina aka haife shi. Mahaifinsa ne ya taso daga Damagaram a ƙasa, ya yi shekaru a hanya yana noma yana gaba, da ya iso kuma bai koma ba. Shi aikin gonar dabino ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Baba nake ce masa, shi kuma yana kirana Malam ƙarami, in tsokana ta motsa masa ya ce "ya ustaz".

Kafin karatun Asabar akwai tafiya. Da hantsi yakan yi alwala a gida, ya taka zuwa masallacin Ƙuba, ya yi nafila raka'a biyu ya dawo. Mutanen Madina da yawa suna wannan ziyara, amma Baba bai taɓa yin ta a mota ba, makanta kuma ba ta hana shi ba. Sanda a hannun dama, carbi a hagu, kowane taku goma ya ja ƙwaya ɗaya. Daga ƙofar gida zuwa katangar tsohuwar gonar dabino ƙwaya bakwai. Ya bi katangar da sanda har ta ƙare, sai mahaɗa, inda titin unguwarsu ya gamu da babban titin da ya kewaye gari, wanda kowa ke kira da'iri. A nan akwai danja. Yakan tsaya ya karkata kai, da ya ji motocin sun lafa, injinansu na gurnani a wuri ɗaya, sai ya ɗaga sanda ya tsallaka.

Ya kafa mini sharaɗi tun ranar farko. In tsaya taku uku a bayansa, kada in riƙe masa hannu, kada in yi magana har mu isa.

"In ka yi magana ka ɓata mini lissafi," ya ce. "In ka riƙe ni ka mayar da ni kaya."

Sharaɗin ya yi mini daɗi, don ni dama ba mai magana ba ne. A aji ma in malami ya kira ni sai na sunkuyar da kai.

Akwai wani sharaɗin kuma, na babban ɗansa, wanda shi ke riƙe da gidan. A gabana ya faɗe shi muna shan shayi, da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Ya abuya, na bar ka. Amma ranar da ka faɗi ko ka ɓace, halas, shi ke nan, sai sayyara, sai mota."

Baba ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Ka ji shi, sayyara. Kakansa ya zo daga Damagaram ba sayyara, shi kuwa ko burodi zai sayo sai ya tayar da inji."

Aka yi dariya, amma ɗan bai janye maganarsa ba, kuma dukanmu mun san da gaske yake.

Wata Asabar muka tarar an kafa babban allo a mahaɗar. Baba ya wuce ta ƙarƙashinsa yana jan carbi, ni kuwa na karanta abin da na iya a tafe. Bayan karatu na dawo ni kaɗai na tsaya a gabansa da littafin rubutuna. Zane ne mai kyau, da itatuwa kore da motoci 'yan kaɗan. Za a cire danjar. Za a ɗaga da'iri a kan gadar sama, a shimfiɗa sababbin tituna biyu a gefensa, a kewaye duka da shingen ƙarfe. Na daɗe ina neman inda mai tafiya a ƙasa zai bi, sai can a gefen zanen na ga wata siririyar gada mai matakala, nesa da katangar gonar. Baba ko matakalar gidansa ba ya iya hawa, shi ya sa aka sauko masa da ɗakinsa ƙasa. Na kwafe rubutun allon kalma da kalma, na zana taswirar da rula da na koma ɗaki.

Asabar ta gaba ya tambaye ni. Ya ce ya ji inuwa a inda dā babu inuwa, kuma mai kantin kusurwa ya ce masa an kafa wani abu.

"Me aka rubuta, Malam ƙarami?"

"Gyara ne za a yi, Baba."

"Gyara kawai?"

"Gyara."

A gidan da na tashi, ƙarami ba ya kai wa babba mummunan labari ɗungurungum. Sai ya rage, ya jira wanda ya fi shi ya ƙarasa. Na ce a raina ɗansa zai gaya masa, ai hakkinsa ne. Da wannan na lallashi kaina, na buɗe littafi muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Ba a yi wata biyu ba aka kawo shingayen roba, ja da fari, aka jera. Aka kashe danjar, aka karkatar da motoci, aka bar wa masu ƙafa wani lungu tsakanin shingayen, mai kwana uku, wanda ke zagayawa ya tsallaka ta can ƙasa. Baba ya isa ƙarshen katanga, sandarsa ta bugi roba. Ya tsaya ya lalluba, ya daɗe, sannan ya juya muka koma gida ba tare da mun yi sallar ba.

"Ka je ka ƙirgo mini sabuwar hanyar," ya ce. "Kada ɗan nan ya ji. Kafin su gama gyaransu mu lallaɓa ta nan."

Ranar Alhamis bayan la'asar na je. Na ƙirga sau uku, zuwa da dawowa. Na yi jadawali, kowace kwana da layinta, hagu ko dama, taku nawa, ƙwaya nawa. Inda lissafin ya saɓa da taku biyu na sake komawa har ya daidaita. Ma'aikatan suna kallona ina kai da kawowa ina motsa baki, ɗaya ya tambaye ni ko wani abu na yar, na girgiza kai. Ina jin ban taɓa yin aikin da na gamsu da shi kamar wannan ba. Juma'a na karanta masa, ya maimaita sau biyu ya haddace: huɗu sai dama, goma sha takwas sai hagu, shida sai dama, sai tsallakawa.

Asabar ya sa farar jallabiya, muka fita. A kwanar farko na ga ya juya da ɗan saura, amma sandarsa ta sami bakin shingen ta gyara masa, ban kawo komai a raina ba. Muka shiga doguwar miƙar. Ina bayansa ina kallon yatsunsa a kan carbin, ina ƙirgawa tare da shi. Da ya ja ta goma sha takwas, kwanar tana can gaba da nisa. A daidai inda ya tsaya kuwa akwai giɓi a shingen hagu, inda ma'aikata suka janye roba ɗaya don shigar da kayan aiki. Sandarsa ta nemi shinge ba ta samu ba, lissafi kuma ya cika, sai ya juya.

Na gan shi. Bakina ya buɗe. Amma wata da watanni ina bin bayan mutumin nan ban taɓa cewa uffan a hanya ba, sai na tsaya ina auna ko wannan ya kai a karya masa sharaɗi. Kafin in ce "Baba" ya taka inda aka yanke kwalta. Ramin bai fi kamu ɗaya ba. Ya faɗi a kan gwiwa da tafin hannu, sandar ta yi gefe.

Ma'aikata biyu suka rugo. Ya ɗaga musu hannu ya ce ba komai, ya zauna a bakin ramin yana haki. Jallabiyar ta yage a gwiwa, jini ya fara ɓata ta.

"Nawa ka ce, Malam ƙarami?"

"Goma sha takwas, Baba. Sau uku na ƙirga."

"Da ƙafar wa?"

Na dubi ƙafafuna. Ni dogo ne, kuma saurin tafiya gare ni, irin na mai gudun kada a tsayar da shi a yi masa magana. Duk tsawon lokacin da na yi ina bayansa ina rage takuna don kada in cim masa, amma ranar da na fita ƙirga ban tuna ba.

Ya shafa gwiwar ya ji danshi. "Wannan jinin ya karya alwala?"

Na ce a mazhabarmu bai karya ba.

"To ba ni hannunka."

A haka muka isa masallacin, yana dafe da damtsena. Ya yi raka'o'insa biyu a zaune, muka dawo. Duk hanya bai ja carbi ba.

'Yarsa ce ta buɗe mana ƙofa. Tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, da ta ga jallabiyar kuwa ba ta tsaya tambaya ba, ta kira wanta a waya. Ya zo, ya durƙusa ya wanke ciwon da kansa, ya ɗaure.

"Ni na ɓata lissafi," Baba ya ce masa. "Tunani ya ɗauke ni."

Na ce a'a, ni ne na ƙirga ba daidai ba. Muryata ta fito ƙasa ƙwarai har sai da na maimaita. Ɗan ya ɗago ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Ya shaikh, ba laifinka ba ne. Ko bai faɗi yau ba, lungun nan ma rufe shi za a yi, ba sauran tsallakawa a nan har abada. Ba ka ga allon ba?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. "Wane allo? Na gyara?"

Littafin rubutun yana aljihuna. Na ciro shi na karanta masa abin da na kwafa, gadar sama, sababbin tituna, shingen ƙarfe, da siririyar gadar da ke can nesa. Na karanta a hankali, yadda nake yi masa karatun littafi, don ban san wata hanyar faɗa ba.

"Tun yaushe ka rubuta wannan?"

"Tun ranar da aka kafa shi."

Ya gyaɗa kai. "Gadar tana da matakala nawa?"

"Ba a gina ta ba tukuna, Baba."

"In an gina kada ka wahalar da kanka."

Asabar biyu ɗan ya kai shi a mota, ina kujerar baya. Saboda karkatar da hanya sai da muka yi nisa kamar za mu unguwar Al-Azizya kafin mu juyo. Baba ya riƙe carbin a cinya bai motsa shi ba. A ta uku ya ce a bari, gwiwarsa na ciwo. A ta huɗu bai ba da dalili ba, ɗan kuma bai matsa ba.

Na koma lungun ni kaɗai, na ƙirga shi da gajeren taku, ina jan ƙafa yadda Baba yake yi. Doguwar miƙar ƙwaya ashirin da huɗu ce. Na gyara jadawalin da jan biro. Ban kai ga karanta masa ba, don a makon da ya biyo aka toshe lungun da katangar siminti, aka fara haƙa ginshiƙai a inda danjar take. An ce har katangar gonar dabinon za a ja da baya.

Har yanzu ina zuwa duk Asabar, motar haya tana sauke ni ta bayan unguwa. Bai taɓa tayar da maganar allon ba, bai kuma ƙara ce mini "ya ustaz" ba. Nakan tarar ya yi alwala da hantsi kamar kullum, ya sa jallabiya, yana zaune a bakin gado da sandar a tsakanin gwiwoyinsa, ƙarar injin haƙa tana shigowa ta taga. In na yi sallama yakan amsa, ya ɗan saurara wajen tagar, sannan ya jingina sandar da bango ya ce in buɗe inda muka tsaya.