Ranar da Baba Ilu Ya Goge Ƙasan Jirgi

Har yau ban manta da safiyar wata Alhamis ba, cikin Afrilun 1975, da na shiga rumfar aiki na tarar da ƙasan jirgin Alhaji yana ƙyalli kamar sabon kwanon samira. Ku da kuka daɗe da buroshi a hannu kun san abin da wannan ke nufi. Saboda sababbin cikinku, bari in faro daga farko.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin wurin gyaran jiragen ruwa a bakin kogin Thames, gangaren Woolwich, ina kwana a Plumstead. Ni mutumin Yawuri ne, jirgin kaya ya kawo ni daga Legas, na sauka na zauna. Matsayina lebura: wanki, kankara, ɗaukar kaya. Sama da ni akwai masu fenti, sama da su akwai mai wurin, wani tsohon Bature da muke kira Bil. Mutum ne mai adalci, amma in ya yanke magana ta yanku.

Shekarun nan ne arzikin man fetur ya sa manyanmu suke ta sayen gidaje a Landan. Wani Alhaji Bakano mai gida a Marylebone ya ƙara da jirgin shaƙatawa, sabo fil, na faiba, wato irin robar nan mai ƙarfi da ake zubawa a mazubi. Tun da a cikin ruwa zai riƙa kwana, dole a yi wa ƙasansa fenti na musamman mai garin jan ƙarfe a ciki. In ba a yi ba, gansakuka da wasu 'yan halittu masu ɓawo za su manne masa, kafin wata uku ya koma tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi.

Da yake Turancin Alhaji na kasuwa ne, Bil ya kira ni tafinta. Fentin iri biyu ne. Akwai mai tauri, na jirgin da ke gudu kullum. Akwai mai laushi, wanda ke zaizayewa a hankali yana tafiya da ƙazantar, na jirgin da zamansa ya fi tafiyarsa. Bil ya tambayi sau nawa za a riƙa hawa. Alhaji ya ce duk ran da ya sami sarari. Ni da na san sararin manyanmu, na ce wa Bil a ɗauko mai laushin. Da aka buɗe gwangwani, Alhaji ya leƙa ya yatsine fuska.

"Wannan ai jar ƙasa ce. Babu fari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kifi ne kaɗai zai gan shi."

Ya yi dariya ya yarda. Bayan Alhaji ya tafi Bil ya ce tun da ɗan ƙasarmu ne, aikin nawa ne ni kaɗai. In na yi shi daidai jirgi ya shiga ruwa ranar Asabar, na zama mai fenti. In na ɓata, in nemi wani wurin. Asabar ɗin kuwa ba don ado aka zaɓe ta ba. Kogin yana cika yana janyewa kullum, amma babbar cikar da ke kawo ruwa har gangaren da muke tura jirgi ruwa sai bayan mako biyu-biyu take zuwa. Alhaji kuma ya riga ya gayyaci mutane.

Sabon jirgin faiba yana zuwa da kaki a jikinsa, wanda aka shafa wa mazubi don kada ya manne. Fenti ba ya zama a kan kaki. Sai ka wanke shi da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, kana canza tsumma, sannan ka bi da samfefa har santsin ya mutu, ka ɗauraye, ka watsa ruwa ka gani. In ruwan ya kwanta ya bazu, ka gama. In ya dunƙule ya gangara, da saura. Daga Litinin zuwa Laraba ina kwance a ƙarƙashin jirgin nan, ƙura har cikin kunnena. Laraba da yamma ruwa ya kwanta, na ji daɗi ƙwarai.

A daidai lokacin Alhaji ya leƙo, tare da direbansa Baba Ilu. Dattijo ne mai furfura, tun zamanin mahaifin Alhaji yake tuƙi a gidan, kuma motarsa ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Alhaji ya dubi jirgin duk ya yi furu-furu, ya ce, "Subhanallahi. Gobe da la'asar zan kawo baƙi su gani, a haka za su same shi?" Na yi bayani, bai saurara ba. Baba Ilu kuwa na ga ya daɗe yana shafa jikin jirgin da tafin hannu.

Shi ne fa safiyar Alhamis na tarar da ƙyallin nan. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin folish ɗin mota. A bayan katakon da aka tokare jirgin na tsinci gwangwanin, babu komai a ciki. Ashe bayan ya sauke Alhaji, tsohon ya dawo, mai gadi ya bar shi ya shiga don ya san motar, ya durƙusa da gwiwoyinsa na tsufa ya goge aikina kaf. Na cusa gwangwanin a aljihu kafin kowa ya gani.

Bil ya zo, ya ɗebi ruwa ya watsa. Ruwa ya dunƙule ya gangara.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce aikin nawa ne, ni zan gyara.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Shi Bature bai ga abin wahala a faɗin suna ba. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar tona asirin mai furfura ba, balle wanda aka raba da iyalinsa aka kawo ƙasar sanyi, abincinsa na hannun mutum ɗaya. Na ji haushin tsohon, ba zan ɓoye muku ba, har idona ya kawo ruwa. Amma na ƙi faɗin sunansa. Bil ya ce Asabar ta wuce mu, domin a sake wanki da kankara, a yi shafen farko ya bushe, a bi da fenti sau biyu, ba zai yiwu ba. Ya ce ni zan gaya wa Alhaji da bakina, gobe Juma'a kuma in kwashe kayana.

Da la'asar suka iso, motoci uku, manyan riguna a ƙarƙashin kwat. Baƙi suka zagaye jirgi suna ta sa albarka, Baba Ilu na gefe yana murmushi. Na ja Alhaji gefe na gaya masa.

"An yi cancel? Ni da na yi booking ɗin masu abinci, na gaya wa mutane? Ga jirgi yana ƙyalli, me ya rage?"

"Ƙyallin ne matsalar, ranka ya daɗe. In na shafa fenti a kan wannan, kafin wata guda zai saɓule."

Ya ɗaga murya, ya ce dama an gaya masa kada ya ba ɗan'uwa aiki a Turai. Bil ya ce masa kada ya damu, an riga an sallame ni. Ni ne kuma na fassara wannan da bakina, don aikin tafinta bai ƙare ba tukuna. Baba Ilu ya ji. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya matso, ya cire hularsa a gaban baƙin nan duka, ya rusuna.

"Alhaji, ni ne. Na ga ranka ya ɓaci jiya, na ce ba za ka ji kunya a gaban mutane ba ina raye. Yaron nan ya sani tun safe, ya rufa mini asiri. In kora ce, ni za a kora."

Alhaji ya dubi mutumin da ya riƙa kai shi makarantar firamare. Can ya ce, "Baba, sa hularka." Ya juya wurin baƙi ya ce an ɗaga sai bayan mako biyu. Bil ya tambaye ni me aka ce, na gaya masa, na fito da gwangwanin daga aljihu. Ya jujjuya shi, ya dube ni ya ce ni wawa ne, kuma gobe in zo da wuri.

Washegari na tarar da Baba Ilu a ƙofa, ya naɗe hannun riga. Na ce, "Baba, wannan ba aikinka ba ne." Ya ce, "Ɗana, ni na ɓata." Muka kwanta tare a ƙarƙashin jirgin, shi da tina, ni da samfefa, daga baya muka yi musaya. Da muka gama na cika bokiti na miƙa masa. Ya watsa. Ruwa ya kwanta lamo, bai dunƙule ko'ina ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shekara talatin ina sa abu ƙyalli. Yau ne na fara murna da ganin abu ya dushe."

Jirgi ya shiga ruwa da cikar da ta biyo baya. Da aka ɗaga shi daga ruwa a Oktoba, fentin na nan daram, 'yar gansakukar da ke jiki da tiyo muka wanke ta. A lokacin ina cikin masu fenti.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan shafa fenti shi ne ƙaramin aiki, shirin da ake yi kafinsa shi ke riƙe jirgi. Kuma wanda zai ɓata maka aiki ba lallai maƙiyi ba ne, sau da yawa mai son taimako ne da ba a yi wa bayani ba. Ni Alhaji na yi wa bayani ranar Laraba, na manta da mutumin da ke tsaye a bayansa yana shafa jirgin. Shi ya sa kuke ganin duk wanda ya shigo rumfar nan, ko mai kawo shayi ne, sai na tsayar da shi na nuna masa gwajin bokiti. Daga Baba Ilu na samo wannan, Allah Ya jiƙansa.