Ambulan Biyu Masu Ruwan Ƙasa

Da safen nan koko nake damawa a tsakar gidanmu na Williamsville. Mijina Idi yana kan tabarma, rediyo manne da kunne.

Goro yake sayarwa a kasuwar Adjamé, amma rabin ransa yana Nijar. Tun da aka harbe shugaban ƙasarmu a filin jirgi can gida ya ɗora wa kansa bincike. Wasu sun ce masu gadinsa ne, wasu sun ce Turawa, wasu sun ce tsautsayi. Shi kuwa jarida yake yankawa yana tarawa, da hoton marigayin cikin kakin soja, da zanen filin jirgi da ya yi da biro. Wai wata rana za a nemi shaida. Duk ya zuba su a ambulan. Katin zamanmu a ƙasar nan ma yana cikin wata irinta. Ya rubuta sunan kowacce a baya. Ni a lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Ƙarfe bakwai harbin da muke ji daga nesa ya matso. Ƙarfe tara rediyo ta ce an tsinci gawar wani tsohon shugaban ƙasar nan. Kafin goma magana ta cika unguwa, wai baƙi ne suka shigo da makasan. Baƙin kuwa mu ne.

Sha ɗaya hayaƙi ya turnuƙe bayan kasuwa. Idi ya leƙa waje, ya dawo a guje.

"Hajara! Ƙona ta jaridun! Ɗauko ta katin!"

Na cusa ɗaya a murhu, na soke ɗaya a zani. Ban buɗe ba. Na goya ’yarmu Ramma.

Babu motar haya ta woro-woro ko ɗaya. A ƙafa muka ratsa unguwar Plateau, za mu gidan yayana Sani a Treichville. Titi tsit, sai ƙarar silifas ɗinmu.

A bakin gada an jera tayoyi. Maza huɗu da bindigogi.

"Pièces! Pièces!"

Takardu suke nema. Na zaro ambulan na miƙa wa Idi. Ya dubi rubutun baya, ya ɗago ya dube ni.

Suka fizge, suka zazzage a kwalta. Soja a hoto. Zanen filin jirgi. Ɗaya ya ɗaga su sama yana ihu. Su ma sun samu shaidarsu.

Aka durƙusar da Idi. Ya ɗaga mini murya.

"Wuce wurin Yaya! Kar ki waiwaya!"

Ban waiwaya ba. A tsakiyar gada na ji harbi biyu. Ban san wa aka harba ba. Ana kiran sallar azahar na faɗa ƙofar Yaya Sani.

Wasu sun ce bariki aka kai shi, wasu sun ce ruwa. Ba ni da ko guntuwar jarida da zan tara a kansa.

Ina da shekara arba’in da ɗaya na shiga ajin manya. Yau ba a miƙo mini takardar da ba zan karanta ba.

Mu uku muka fita daga Williamsville. Mu biyu muka tsallake gada.