Tsohon Diskin Rabi

Mai gyara ya juyo mini da kwamfutar yana murmushi. "Baba, ga ta nan, ta tashi. Kamar sabuwa!"

Na duba. Babu komai a cikinta.

Kwamfutar ɗiyata Rabi ce, wadda Allah ya yi wa rasuwa bara. A ciki akwai hirarrakin da ta naɗa da manoman Ibohamane don kundin kammala karatunta, tana tambaya, suna zolayarta, tana dariya. Wannan muryar nake nema. Sau uku ina tasowa daga Keita zuwa Madawa. An sauya bateri, an sauya allo, har ragona na sayar, ba ta kunnu ba. Yau kuma mai gyaran ya sa sabon diski, wato ma'ajiyar duk abin da ke cikinta, ba tare da ya tambaye ni ba.

Na ce, "Ina tsohon?"

"Ya mace, Baba, yana cikin kwali. Mi za ka yi da gawa?"

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Yaro, gawa na san ta, da hannuna na sa ta a ƙasa. Wannan ba wanda ya tabbatar mini da mutuwarsa. Ɗauko kwalin."

Diski tara muka tarar, babu mai suna, kuma bai iya nuna nata ba. Na kwashe su duka. Gobe sai Tawa. In ba a dace ba, Yamai.

Hukuncin Allah na karɓa. Gangancin mutum ne ban karɓa ba. Wanda ya san ƙwararren da ke ciro abin da ke cikin mataccen diski, ya rubuta mini a ƙasan wannan saƙo.